Tsatsa Ma Tana Da Ranarta A Matatar Ruwa

Duk wanda ya taɓa ɗibar ruwan tafkin da bishiyoyi suka kewaye, ya zuba a kwalba ya ɗaga ta wajen haske, ya san launin da zan yi magana a kai. Ba laka ba ce, domin ko kwalbar ta kwana uku a ajiye babu abin da zai kwanta a ƙasanta. Ko an tace da ƙyalle mai kauri, launin yana nan daram, ja-ja kamar shayin da bai ji ganye ba. Ganyen da ya kaɗe ne, da saiwar da ta mutu, da ciyawar fadama, da gansakuka, suka ruɓe har suka narke, ruwan sama ya wanko su daga ƙasa zuwa kogi. Masana sun kasa shi gida-gida, akwai wanda suke kira humik, akwai fulbik, akwai wasu. Ni a nan zan kira shi narkakken ruɓi, domin abin da yake ke nan. A yawancin koguna da madatsun ruwa, adadinsa bai wuce 'yan miligiram a kowace lita ba, wani lokaci ma ido ba ya ganinsa sam.

Shi kansa ba guba ba ne. Tun da aka halicci ɗan Adam yake shan sa. Rigimar tana tashi ne ranar da ya haɗu da kulorin, maganin da ake zuba wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta.

Kafin in ci gaba, bari in faɗi inda na tsaya game da kulorin, don kada wani ya ɗauki maganata ya kai ta inda ban aike ta ba. Ina cikin masu ganin cewa a tarihin kiwon lafiyar jama'a, abubuwa kaɗan ne suka ceci rayuka kamar wannan sinadari. A 1908 birnin Jersey City na Amurka ya fara zuba shi a ruwan famfonsa ba tare da yankewa ba, sauran birane suka bi sahu, kuma cikin 'yan shekaru taifot da ta addabi biranen ƙasar ta ja da baya ƙwarai. Har yanzu, bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022, aƙalla mutum biliyan 1.7 suna shan ruwan da bayan gida ya gurɓata. Wanda ke cikin wannan hali, ƙarancin kulorin ne ke kashe masa 'ya'ya, ba yawansa ba.

Amma a 1974 wani masanin sinadarai mai suna Johannes Rook, wanda ke aiki da hukumar ruwan birnin Rotadam a ƙasar Holan, ya bayyana abin da ya gano: a ruwan da aka gama tacewa akwai kulorofom da 'yan uwansa, alhali kafin a zuba kulorin babu su da wannan yawan. Ashe kulorin ne ke cakuɗuwa da narkakken ruɓi ya haife su. A shekarar, masu bincike na Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ma suka wallafa irin wannan sakamakon. Dangin waɗannan sinadarai guda huɗu su ake kira tirihalometan. A 1979 Amurka ta ƙayyade cewa jimillarsu kada ta wuce maikurogiram 100 a lita, a 1998 ta rage zuwa 80, ta kuma sa iyakar 60 ga wani dangin da ake kira haloasetik. Tarayyar Turai ta tsaya a kan 100. Daga lokacin Rook zuwa yau an gano irin waɗannan 'ya'yan haɗuwa fiye da 600, kuma 'yan ƙalilan ne daga cikinsu doka ta san da zamansu.

Me suke yi wa jiki? Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya sha nuna alaƙa tsakanin daɗewa ana amfani da ruwan da suka yi yawa a ciki da ciwon dajin mafitsara. Wani nazari da aka wallafa a 2020 ya ƙiyasta cewa a Tarayyar Turai, kusan kashi 5 cikin 100 na masu kamuwa da wannan ciwo, wato sama da mutum 6,500 a shekara, ana iya danganta nasu da wannan. Ƙiyasi ne, kuma haɗarin ga mutum ɗaya ƙarami ne idan aka kwatanta da na taba sigari. Sai dai taba mutum ne ke zaɓar ta, ruwa kuwa kowa da kowa ne, daga jariri har tsoho, kullum, tsawon rai. Kuma ba ta baki kaɗai suke shiga ba. Tirihalometan yana tashi da tururi, mai wanka da ruwan zafi yana shaƙarsa, fatarsa ma tana sha. Don haka wanda ya ce ai shi ruwan roba yake saye, bai tsira duka ba.

Inda nake jin takaici shi ne yadda ake gabatar da wannan batu kamar zaɓi tsakanin mutuwa biyu: ko kwalara yau, ko ciwon daji bayan shekara talatin. Idan haka zaɓin yake, ai babu gardama, a zuba kulorin. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta faɗa a fili cewa kada a sassauta kashe ƙwayoyin cuta don gudun waɗannan sinadarai, kuma na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Amma zaɓin ba haka yake ba. Abu biyu ne ke haɗuwa su haifi matsalar, ɗaya muna buƙatarsa, ɗayan ba ma buƙatarsa. Wanda ba ma buƙata shi ya kamata a fitar kafin su haɗu.

Kuma fitar da shi taimakon kulorin ne ma. Narkakken ruɓi yana cinye kulorin ɗin da aka zuba, ta yadda ruwan da ya bar matata da isasshen magani zai isa unguwar ƙarshen bututu babu ko ɗigo a cikinsa. Wanda ya saura kuma abinci ne ga ƙwayoyin da ke yin yauƙi a cikin bututu. Idan matatar da hasken ultirabayolet, wani haske da ido ba ya gani, take kashe ƙwayoyin cuta, ruɓin yana tare hasken. Idan da siraran rariyoyin zamani take tacewa, yana toshe su. Ke nan mai tsoron kwalara da mai tsoron ciwon daji, maƙiyinsu ɗaya ne.

An sha gwada gajeriyar hanya, wato a bar ruɓin a ruwa a canja maganin. A Nuwamba 2000, masu tace ruwan birnin Washinton sun koma amfani da kuloramin, wato kulorin da aka haɗa da amoniya, wanda ba ya haifar da tirihalometan da yawa. Lissafin ya yi daidai a takarda. Abin da ba a hango ba shi ne, tsohon kulorin ya daɗe yana riƙe da wani ɓawo a cikin tsofaffin bututun dalma, wanda ke hana dalmar narkewa. Da aka canja magani sai ɓawon ya saki, gubar dalma ta shiga ruwan gidaje dubbai, kuma jama'a ba su san girman abin ba sai a farkon 2004. An gudu gara an faɗa gidan zago. Kuloramin ɗin ma yana da nasa 'ya'yan, wasunsu sun fi na kulorin muni.

To da me za a fitar da ruɓin? Hanyoyi suna da yawa, amma wadda nake ganin ba a ba ta haƙƙinta ba ita ce tsatsa.

Na san kalmar tana da nauyi a kunne. Mun saba ganin tsatsa alamar lalacewa ce, ruwan da ya fito ja daga famfo kuwa ba mai son sa. Amma tsatsa ba komai ba ce illa ƙarfe da ya haɗu da iskar oksijin da ruwa, kuma ƙasar da muke takawa cike take da ita. Jar ƙasa, wani nau'in tsatsa ne mai suna hematayit ya ba ta launi. Mai ruwan ɗorawa kuma, gotayit ne. Wannan tsatsa ta cikin ƙasa ta daɗe tana yin aikin da nake roƙon a ba ta a matata. Shi ya sa ruwan rijiya mai zurfi yakan fito garau alhali ruwan saman da ya zama shi ya bi ta kan ruɓaɓɓen ganye: a hanyarsa ta sauka, ƙasa ta ƙwace masa mafi yawan ruɓin, kuma tsatsar da ke jikin ƙwayoyin ƙasa tana cikin manyan masu ƙwacewar. Inda ƙasa ta rasa ta, sai a ga bambanci. Kogin Negro na Barazil yana bi ta yankin farin yashi wanda ba ya riƙe komai, don haka ruwansa baƙi ne wuluk, har idan ya haɗu da kogin Solimoes kusa da birnin Manaus sai su yi tafiyar kilomitoci kafaɗa da kafaɗa, baƙi gefe, ruwan laka gefe. A ƙarƙashin teku ma, wani bincike na 2012 ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruɓin da ke binne a laka, tsatsa ce ke riƙe da shi.

Yadda take kamun yana da ban sha'awa, kuma sai an fahimce shi za a san inda ƙarfinta ya tsaya. Ƙwayoyin narkakken ruɓi suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, don haka suna ture juna, shi ya sa ba sa dunƙulewa su kwanta. Fuskar tsatsa kuwa, muddin ruwan bai kai wajen 8 zuwa 9 a ma'aunin pH ba (ma'aunin tsamin ruwa, inda ƙaramin adadi ke nuna tsami, babba kuma kaifi irin na soda), tana ɗauke da kishiyar wannan caji. Sai ta jawo su. Amma ba jawowa kaɗai ba ne, wanda ruwa zai iya wankewa. A jikin kowace ƙwayar ruɓi akwai wasu 'yan hannuwa, a fuskar tsatsa kuma akwai guraben da ƙwayoyin ruwa ke zaune. Hannun ruɓin yana ture mai zaune a gurbin ya kama ƙarfen kai tsaye, kuma da yake babbar ƙwaya tana da hannuwa da yawa, takan kama ta wurare da dama a lokaci guda. Ƙulli ne mai wuyar kwancewa. Abin da ya fi burge ni shi ne zaɓen da tsatsa ke yi: ta fi son manyan ƙwayoyi masu duhun launi, kuma su ne dai suka fi haifar da tirihalometan idan suka gamu da kulorin. Wato tana fara cafke waɗanda suka fi ɓarna.

Ƙullin kuma yana da mabuɗi. Idan aka ƙara wa ruwa ɗan tsami, kamun yana ƙara ƙarfi. Idan aka bi ta kan tsatsar da ruwan soda mai kaifi, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, cajin fuskarta yana juyawa, sai ta saki abin da ta kama. A wanke ta, a mayar da ita bakin aiki.

A gaskiya matatu da yawa suna amfani da wannan hikima ba tare da sun kira ta da sunanta ba. Wasu alif suke zubawa don ruwa ya kwanta, wasu kuma gishirin ƙarfe, wanda da zarar ya shiga ruwa yake rikiɗa ya zama sabuwar tsatsa mai laushi kamar auduga, ta tattara laka da ruɓi ta nutse da su. Dokar Amurka ta 1998 ta wajabta wa matatun da ke tace ruwan kogi da na tafki ta wannan hanya su fitar da kashi 15 zuwa 50 cikin 100 na ruɓin, gwargwadon yanayin ruwansu. Hanyar tana aiki, amma kowace rana sai an sayi sabon sinadari, kowace rana kuma sai an kwashe dagwalon da ya kwanta an nemi inda za a kai shi, kuma tana buƙatar ma'aikacin da ya iya daidaita awo duk lokacin da ruwan kogi ya canja.

Ɗaya hanyar ita ce a manna tsatsar a jikin yashi. A jiƙa yashi da ruwan gishirin ƙarfe, a gasa shi, sai kowace ƙwaya ta fito sanye da jar riga. A cika tanki da shi, ruwa ya bi ta ciki. Yashin yana tare datti kamar yadda ya saba, rigar kuma tana kama narkakken ruɓi, idan ta ƙoshi a wanke da soda. Mark Benjamin da abokan aikinsa a Jami'ar Washinton da ke Siyatil sun yi aiki mai yawa a kan wannan tun shekarun 1990. A daidai wannan zamani, a Jami'ar Fasaha ta Balin da ke Jamus aka samar da tsatsa mai tsaba-tsaba don cire gubar arsenik, kuma wannan ta shiga kasuwa, garuruwa da dama suna amfani da ita yau. Ke nan an riga an san yadda ake sarrafa tankin tsatsa a matata ta gaske. Amma a fannin narkakken ruɓi, yawancin aikin ya tsaya a ɗakin gwaji da ƙananan matatun gwaji, kusan shekara talatin ke nan.

Ba zan ɓoye dalilan da ke na gaskiya ba. Tsatsa tana ƙoshi, kuma ruɓi ya ninka arsenik yawa a ruwa sau ɗaruruwa, don haka tankin da zai yi shekara yana kama arsenik zai cika da ruɓi cikin ɗan lokaci. Ƙananan ƙwayoyin ruɓi marasa launi suna sulalewa su wuce. Wasu sinadaran da ke cikin ruwa, irin su fosfet da silika, suna takara da ruɓin a kan guraben. Don a samu kamu mai kyau sau da yawa sai an ƙara wa ruwa tsami, sannan a rage shi kafin a tura wa jama'a. Rigar tana gogewa da yawan wanki. Tsatsa ba ta cire buromayid, wani gishiri da ke narke a wasu ruwaye, kuma idan ruɓi ya ragu shi bai ragu ba, kason 'ya'yan haɗuwa masu ɗauke da buromin ɗin da ke fitowa daga gare shi, waɗanda ake ganin sun fi illa, yana ƙaruwa ko da jimillar ta sauka. Kuma ba maganin ƙwayoyin cuta ba ce, bayanta dole kulorin ya biyo.

Akwai kuma darasin birnin Flint na Amurka, wanda bai kamata mai goyon bayan ƙarfe irina ya tsallake shi ba. A Afrilu 2014 birnin ya koma shan ruwan koginsa, mai yawan ruɓi. Aka samu ƙwayoyin cuta, aka ƙara kulorin, tirihalometan ya haura iyakar doka, aka sanar da jama'a a Janairu 2015. A lokacin matatar tana amfani da gishirin ƙarfe mai kulorayid don rage ruɓin, wannan kuma ya ƙara wa ruwan kaifin cin bututu, ga shi ba a sa maganin hana cin bututu ba ko kaɗan. Dalma ta shiga jinin yara. Ba ƙarfen ne ya jawo masifar ba, sakacin mutane ne, amma abin ya nuna cewa duk abin da aka taɓa a matata, sai an bi shi har bakin famfon gida an ga abin da ya haifar. Yana daga cikin abin da ya sa nake fifita tsatsar da ke manne a yashi inda ta dace: tana zaune a tankinta, ba ta bin ruwa da wani gishiri.

Sauran dalilan kuwa, a ganina, ba na kimiyya ba ne. Yashi da ƙarfe da soda kaya ne da kowa zai iya samu, ba wanda zai mallake su ya riƙa karɓar riba shekara da shekaru, don haka ba su da ɗan talla. Rariyoyin zamani da gawayin tace ruwa da injinan ozon suna da kamfanonin da ke yawo da su ofis-ofis. Ban ce ba su da amfani ba, wasu wuraren ma ba makawa sai su. Amma babban birni mai kuɗi ne ke iya ɗaukar nauyinsu. Ƙaramin gari mai matata ɗaya da ma'aikaci biyu, wanda ke jan ruwa daga madatsa ya zuba kulorin ya tura, shi ne ya fi shan wahalar narkakken ruɓi, shi ne kuma ba wanda ke ƙera masa komai. Irin wannan bincike, wanda amfaninsa na kowa ne ribarsa kuma ba ta kowa ba, kuɗin gwamnati da na jami'o'i ne kaɗai za su kai shi gaci. Idan an bar shi ga kasuwa, zai ƙara shekara talatin a ɗakin gwaji.

Lokaci kuma ba ya jira. Tun wajen shekarun 1980 aka lura koguna da tafkunan arewacin Turai da arewa maso gabashin Amurka suna ƙara duhu, a wasu wurare ruɓin ya ninka. Wani babban nazari na 2007 ya danganta hakan da raguwar ruwan sama mai tsami bayan an rage hayaƙin masana'antu: ƙasa ta farfaɗo, sai ta fara sakin ruɓin da tsami ya danne. Ruwa ba ya tsami banza, haka ma ba ya duhu banza. A ko'ina kuma, mamakon ruwan sama bayan dogon fari yana kwaso ruɓin da ya taru ya juye a madatsa cikin kwana ɗaya ko biyu, zafi yana ƙara gansakuka, yana kuma hanzarta haɗuwar kulorin da ruɓi a cikin bututu. Matatar da aka gina bisa ruwan shekara arba'in da suka wuce, wani ruwan take tacewa yanzu.

Abin da nake so in ga kowace hukumar ruwa ta fara yi ba mai tsada ba ne. Ta auna. Akwai 'yar na'urar da ke haska ruwa da hasken ultirabayolet mai tsawon zango nanomita 254, cikin minti ɗaya ta nuna yawan ruɓin, musamman irin wanda tsatsa ke kamawa. A auna ruwan da ke shigowa da wanda ke fita, rani da damina, a auna tirihalometan a gida mafi nisa daga matata, domin can ne ya fi taruwa, sannan a liƙa sakamakon inda mai biyan kuɗin ruwa zai gani. A daina zuba kulorin a bakin shigowar ruwa don kawai haka aka gada, a matsar da shi bayan an rage ruɓin, sai inda wani dalili na musamman ya hana. Sannan a kafa bututun gwaji guda biyu ko uku a gefen matata, a cika su da jan yashi, a bar ruwan wurin ya bi ta ciki shekara guda cur, domin ruɓin kowane kogi da halinsa, kuma sakamakon wani kogi ba ya zama hujja a kan wani.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon duk wanda zai gwada ya sa a lissafinsa tun ranar farko, domin shi aka fi mantawa: baƙin ruwan sodar da ke fitowa bayan wankin yashin. Duk ruɓin da aka tara na makonni yana cikinsa, ga kaifin soda. Idan aka kwarara shi a kogin da aka ɗebo ruwan, garin da ke ƙasa ne zai sake tace shi. Ana iya sake amfani da sodar sau da dama kafin ta mutu, ana iya kashe kaifinta da tsami har wani kaso na ruɓin ya dunƙule ya kwanta, a shanya shi ya bushe. Wannan yana buƙatar fili, da kwatami mai siminti, da ma'aikacin da aka horar aka kuma ba safar hannu da tabarau, domin soda tana ƙona fata tana makantar da ido.